Zaƙin Sallah da Lafiyar Ma'aikaci



Batun wannan lacca ba baƙo ba ne ga kowa, domin kuwa da wuya a sami gidan Bahaushen da Sallah za ta zo ba a fito da alkaki ko nakiya ko dubulan ba, yara kuma su komo daga yawon Sallah aljihunsu cike da alewa. Abin da ake so a duba shi ne dalilin da ya sa wannan zaƙi, wanda kakanni suka ci lafiya lau, yake neman zama cuta ga jikokinsu.

A zamanin da, zaƙi abu ne mai wuyar samu. Zuma sai an hau itace an sauko da amya, mazarƙwaila kuwa sai an matse rake an dafa ruwansa. Nakiya ba ta samuwa sai mata sun wuni a bakin turmi, saboda haka ba a ganinta sai a gara ko suna ko Sallah. Wanda zai ci kuma manomi ne ko maƙeri ko ɗan koli, wanda ƙafarsa ce abin hawansa. Yau farin sukari yana kowane tebur a bakin hanya, lemon kwalba ya zama ruwan baƙo, shi kuwa ma'aikaci daga mota sai kujerar ofis, daga kujerar ofis sai mota. Wato zaƙi ya ƙaru, wahalar da take cinye shi ta ragu.

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha, har da zuma, kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum yake samu daga abincinsa a rana. Ga baligi wannan ya kama kimanin giram 50, wato ƙaramin cokali 12, in kuwa an rage zuwa cokali 6 ya fi. Kwalba ɗaya ta lemo tana ɗauke da wajen cokali 8 ko 9. Ashe ke nan wanda ya zaga gidaje huɗu na 'yan'uwa ranar Sallah, aka buɗe masa kwalba a kowanne, ya ninka rabonsa kusan sau uku tun kafin ya sa hannu a kwanon alkaki. Shi alkakin ma ba zaƙi kaɗai gare shi ba, soyayye ne, giram ɗaya na mai kuwa yana ba da kalori 9, na sukari 4.

Nan ne masu ilmin zamani da yawa suke yin kuskure, su ce babu komai, gobe za su fita su motsa jiki su ƙone abin da suka ci. Lissafi bai goyi bayansu ba. Namiji matsakaici sai ya yi tafiyar sauri ta kusan rabin sa'a kafin ya ƙone kwalbar da ya shanye cikin minti biyu. Amfanin motsa jiki yana wani wuri dabam. Tsokar da take aiki tana janye sukari daga jini, tana kuma sa jiki ya fi jin sinadarin insulin, wanda shi ne yake shigar da sukarin inda za a yi amfani da shi. Shi ya sa 'yar tafiya bayan cin abinci ta fi kishingiɗa, kuma minti 150 na motsa jiki a kowane mako, kamar yadda hukumar nan ta ƙayyade wa manya, ya fi gudun kwana biyu da aka yi don huce haushi. Sallar kanta ma ta zo da nata motsin, sai dai an yar da shi: tafiya masallacin idi a ƙasa, komowa ta wata hanya, zuwa kallon hawa, da gaishe-gaishen dangi a unguwa.

Saura halin mutum game da abinci, wanda shi ne ya fi wuyar gyara. Akwai mai fitowa daga azumi kamar wanda yake bin cikinsa bashin kwana talatin, sai ya rushe cikin mako guda abin da ya gina a wata guda. Akwai kuma wani, galibi cikin ɗalibai, wanda in ya ci dubulan biyu sai ya ɗauki kansa mai laifi, ya hana wa kansa abinci, yunwa ta kai shi ga cin da ya fi na farko. Wannan na biyu ba tsentseni ba ne. Addini ya haramta azumi ranar idi, sunna ce ma a ci dabino kafin a fita idin ƙaramar Sallah. Wanda gwaggonsa ta miƙo masa alkaki ya ɗauki guda ya ci da marmari, ya yaba, ya nemi ruwa maimakon lemo; bai kunyata ta ba, bai cuci kansa ba. Mai ciwon sukari kaɗai ne zancensa dabam, shi ya tsaya kan ƙa'idar likitansa ko da ranar Sallah ce, kuma wajibi ne masu gida su daina tilasta masa da sunan karamci.

Ga mai lafiya, kwana biyu ko uku na biki ba su ne suke kawo teɓa da hawan jini ba. Abin da yake kawo su shi ne katan ɗin lemon da ya rage a ɗaki, da bokitin cincin da ake ɗiba kullum da shayi har wata ya shuɗe. Wannan ragowa a raba ta ga maƙwabta da almajirai tun kwana na uku. Nakiya kuwa a ajiye ta, domin tana yin watanni ba ta lalace ba, kuma dama don a riƙa gutsura kaɗan-kaɗan aka yi ta.