FARASHI ƊAYA GA KOWA: JAWABI KAN SABON SALON SA KUƊIN KAYA A MANYAN KANTUNA



Tun kaka da kakanni, ciniki a kasuwa sha'ani ne na mutum biyu. Mai kaya ya faɗi kuɗi, mai saye ya taya, a ce albarka, a ƙara, har a kai ga sallama. Wanda bai gamsu ba kuwa, sai ya matsa rumfa ta gaba. Da manyan kantuna suka zo sai aka bar tayi, aka maye gurbinsa da 'yar takardar da ake liƙa wa kaya. Wannan takarda alkawari ce: abin da aka rubuta shi kowa zai biya, attajiri da talaka. Yanzu abu biyu sun ɓullo waɗanda ke neman warware alkawarin.

Na farko shi ne ƙaramin allon lantarki da ake sawa a maimakon takardar. A shekarar 2024 kamfanin Walmart na Amurka ya ba da sanarwar zai sa irinsa a kantuna 2,300. Da wannan allo, kwamfuta tana iya sauya kuɗin kaya cikin 'yan mintoci. Akwai amfani a ciki, domin ana iya karya kuɗin madara ko burodi kafin su lalace. Amma hannun da ya rage shi ne zai iya ƙarawa, misali gab da shan ruwa a watan azumi, sa'ad da mabukata suka yi yawa.

Na biyu ya fi wuyar ganewa. Katin rangwame da manhajar kanti ta wayar hannu suna tattara labarin mai saye: abin da ya saba saye, da lokacin da yakan saya, da unguwar da yake zaune. Da wannan labari ana iya nuna wa mutum biyu kuɗi dabam dabam a kan shinkafa iri ɗaya. Watau ciniki ya dawo, amma na gefe guda: na'ura ta san aljihun mutum, shi kuwa bai ma san ana ciniki da shi ba, balle ya taya.

Hukumomi sun fara ɗaukar mataki. A watan Yuli 2024 Hukumar Ciniki ta Tarayyar Amurka ta umarci kamfanoni takwas su yi mata bayanin wannan sana'a. A 2025 kuma Jihar New York ta yi doka, cewa duk wanda ya sa kwamfuta ta yanka wa mutum farashi bisa bayanansa, lalle ne ya sanar da shi a fili.

A nan Nijeriya an taɓa gwada yanka wa 'yan kasuwa farashi, kamar yadda Dokar Ƙayyade Farashi ta 1977 ta tanada, amma sai kaya suka riƙa ɓacewa daga kanti suna ɓullowa a bayan fage. Dokar Gasa da Kare Hakkin Masu Saye ta 2018 ta bi wata hanya, ita ce tilasta gaskiya. Sashe na 115 ya wajabta wa mai kanti ya nuna kuɗin kayan da ya baje, ya kuma hana shi karɓar fiye da abin da ya nuna. A watan Fabrairu 2024 hukumar da ke zartar da dokar, watau FCCPC, ta rufe wani babban kanti a Garki, Abuja, domin kuɗin da ake karɓa wurin biya ya saɓa da wanda ke jikin kaya. Bugu da ƙari, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ba kowa hakkin sanin abin da aka tattara game da shi da abin da za a yi da shi, da kuma ikon janye yardarsa.

Sabo da haka ana kira ga kowane mai saye ya kiyaye abu huɗu. Ya duba kuɗin da ke jikin kaya tun kafin ya ɗauka. Ya karɓi rasit ya gwada su tun bai bar kanti ba. Kada ya ba da lambar wayarsa don katin rangwame sai ya tambayi abin da za a yi da ita. In kuwa an cuce shi, ya adana rasit ɗin ya kai ƙara ga FCCPC, komai ƙanƙantar kuɗin, gama abin da aka ƙwara mutum ɗaya da shi, dubbai aka ƙwara.

Masu kantuna kuma su tuna, doka ba ta hana riba ba, yaudara ta hana. Na'ura mudu ce ta zamani, alhakin algus kuwa yana wuyan mai awo.

Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya. Wassalam.