Dillancin Talla: Sana'ar Uwargida Daga Cikin Gida

Jawabin wannan wata domin azuzuwan mata na yaƙi da jahilci. Malama ta karanta shi a hankali, ɗalibai su saurara, sannan a tattauna.

 

Jawabin yau a kan wata sana'a ne wadda uwa za ta iya yi tana gidanta. Ba ta hana girki, ba ta hana reno, ba ta hana zuwa aji. Sunanta dillancin talla. Ma'anarta ita ce mace ta sanar da jama'a kayan da wani yake sayarwa, shi kuma ya biya ta ladan sanarwar.

Hausawa sun ce da rashin tayi akan bar araha. A kowane gari akwai mai man gyaɗa mai kyau, amma unguwar gaba ba ta san da ita ba. Akwai tela mai iya ɗinki, amma sai a wuce shi a kai ɗinki birni. Mai kaya yana neman mai saye, mai saye yana neman mai kaya. Wadda ta haɗa su ta ci halaliyarta.

Tsohuwar sana'a ce

Wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Kowa ya san dillaliya, mai shiga gida-gida da atamfa da kwanuka, ta sayar ta karɓi la'ada. Kowa ya san mai shela, wanda yake zagaya gari yana ba da sanarwa.

Wata Baturiyar Ingila mai suna Polly Hill ta yi nazarin zaman jama'a a Batagarawa, kusa da Katsina. A 1969 ta wallafa bayani a kan cinikin da matan aure suke yi a cikin gidajensu. Ta nuna cewa ana sayar da hatsi mai yawa ta hannun mata, ba tare da sun je kasuwa ba. Yara ne 'yan aike tsakanin gida da gida.

A ƙasar Amurka ma an yi irin wannan. A 1928 wani mutum mai suna Thomas Briggs ya kafa kamfanin Welcome Wagon a garin Memphis. Kamfanin ya ɗauki mata aiki. Idan baƙi suka tare a sabon gida, sai mace ta kai musu ziyara da kwando cike da 'yan kyaututtuka daga masu kantunan garin. Tana gaishe su, tana faɗa musu inda ake samun kaza da kaza. Masu kantuna su ne suke biyan kuɗin. An yi shekara 70 ana haka, sai a 1998 kamfanin ya daina ziyarar gida-gida.

Darasin shi ne, mace ta fi yarda da maganar mace 'yar'uwarta wadda ta sani. Wannan yarda ita ce jarin mai dillancin talla.

Saboda me ake maganarta yanzu?

Saboda 'ya'ya mata. A gidaje da yawa, yarinya ce ƙafar uwarta. Ita take ɗaukar faranti da safe, ta wuni a tasha ko bakin kasuwa, ƙawayenta suna makaranta. Kowa ya san haɗarin da ke wurin: mota, da ɓatagarin maza, da asarar karatu. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce a Nijeriya kowane yaro, namiji ko mace, ya yi firamare shekara 6 da ƙaramar sakandare shekara 3, kyauta kuma dole.

Uwa ba don ƙeta take ɗora wa 'yarta talla ba. Tana neman na cefane ne da na kayan ɗaki. To, idan labarin kaya zai kai kunnen mai saye ba tare da faranti ba, sai mai saye ya aiko gida ya saya. Ciniki bai tsaya ba, yarinya kuma ta tafi aji.

Hanyoyi huɗu na yin talla

Ta farko ita ce baki. Mata suna haɗuwa a wurin biki da suna, da Islamiyya, da aji, da asibiti ranar awo. Mai dillanci takan tafi da ɗan samfuri, kamar sabulu guda ko ƙyallen atamfa. A gani da ido, a taɓa da hannu. Amma kada ta yi talla ana tsakiyar karatu, ko a gidan makoki.

Ta biyu ita ce rubutu. A nan ne amfanin aji yake fitowa. Wadda ta iya rubutu za ta rubuta sunayen kaya da farashinsu a takarda, a manna a zaure ko a wurin injin niƙa, bayan an nemi izinin mai wurin. Rubutun ya zama manya-manya kuma gajere. A faɗi abu uku kawai: mene ne kayan, nawa ne, a ina ake samu.

Ta uku ita ce waya. Wayar hannu ta GSM ta fara aiki a Nijeriya a 2001, yanzu ta shiga ƙauyuka. Mai ƙaramar waya za ta iya kira ko aika saƙo. Mai babbar waya za ta iya amfani da WhatsApp. Ta ɗauki hoton kaya, ta naɗi muryarta da Hausa tana bayani, ta aika wa matan da ta sani. Tun 2017 akwai wurin da ake sa hoto a WhatsApp ya yi awa 24 masu lambarta suna gani, sannan ya ɓace.

Ta huɗu ita ce rediyo. A 1992 gwamnati ta ba 'yan kasuwa damar buɗe gidajen rediyo nasu. A Kano, Freedom Radio ta fara aiki a 2003, kuma tun daga nan tashoshin FM sun yawaita a Arewa. Gidajen rediyo suna karɓar kuɗi su karanta sanarwa da talla. Mutumin ƙauye sau da yawa bai san hanya ba. Mai dillanci za ta iya rubuta masa sanarwar, ta aika maigida ko babban ɗanta sashen kasuwanci na tashar. A tambayi farashi tukuna, a karɓo rasit, a nuna wa mai talla. Ita kuma ta karɓi ladan rubutu da na aike.

Yadda ake farawa

Da farko ta yi shawara da maigida. Sana'ar da aka yi da yardar juna ta fi albarka, kuma shi ne zai taimaka wajen magana da 'yan kasuwa maza.

Na biyu, ta rubuta sunayen masu sana'a 10 na kusa da ita: mai ƙuli-ƙuli, mai daddawa, mai kitso, mai lalle, mai saƙa, tela, mai kaji, da sauransu. Ta zaɓi 3 waɗanda ta tabbata kayansu na da kyau. Da su za ta fara.

Na uku, a yi magana a fili kafin a fara aiki. Biya iri biyu ne. Akwai kuɗin sanarwa, wanda ake yankewa a mako ko a wata, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Akwai kuma la'ada, wadda ake bayarwa a kan kowane kaya da aka sayar ta hanyarta. A rubuta abin da aka shirya, a sa shaida ɗaya ko biyu.

Na huɗu, ta sayi littafi guda na wannan aiki kaɗai. Ta ja layi huɗu a kowane shafi: rana, sunan mai kaya, abin da aka sayar, kuɗin da ta samu. Abin da aka rubuta ba ya jawo gardama.

Ga misalin lissafi

Wannan misali ne kawai don koyo, farashi yana canjawa daga gari zuwa gari. A ce mai man gyaɗa ta yarda da la'adar naira 100 a kan kowace kwalba. A mako guda aka sayar da kwalba 15 ta hanyar mai dillanci. Ta sami naira 1,500. Tela yana biyan naira 500 a mako. Mai sabulu ta ba da la'adar naira 1,000. Jimla naira 3,000 ke nan.

Amma ba duka ne riba ba. A ce katin waya da cajin waya sun ci naira 700. Saura naira 2,300. A mako huɗu ya zama naira 9,200. Wadda ba ta cire abin da ta kashe ba, za ta ɗauka tana samu alhali tana ci da uwar kuɗi.

Samun farko ba ya da yawa. Ciniki yakan buɗe da kaka, lokacin da manoma suka sami kuɗi ana bukukuwa, da kuma gab da Sallah. Da damina yakan ja baya. Mai hankali takan ajiye wani abu a adashi saboda ranar da babu.

Abubuwan da za a kiyaye

1. Kada a yi ƙarya. Addini ya hana algus da ɓoye aibin kaya. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Idan aka cuci mace ɗaya, kafin magariba duk unguwa ta ji.

2. A yi hattara da tallar magani. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke kula da magani da abincin gwangwani da man shafawa. Abin da ba shi da lambarta a jiki, kada a tallata shi. Maganin da aka ce yana warkar da kowace cuta, a guje shi. Rai ya fi la'ada.

3. A guji masu cewa a biya kuɗin rajista, a kawo mutum biyu, su ma su kawo wasu, kuɗi ya riɓanya ana zaune. Haka aka yi da MMM. A watan Disamba na 2016 aka rufe asusun mutane a Nijeriya, jama'a da yawa suka yi asara. Kwaɗayi mabuɗin wahala. A dillancin gaskiya, mai kaya ne yake biyan mai talla.

4. Kada a saki kaya don an ga saƙo a waya cewa kuɗi sun shigo. Akwai saƙon ƙarya. A duba asusu a tabbata. Lambar sirri ta banki kuwa, ba a faɗa wa kowa.

5. Kuɗin mutane amana ne. Kada a haɗa su da kuɗin cefane. Kada a ba da kayan wani bashi sai da izininsa.

6. Kada a sa hoton matar wani ko 'yar wani a waya ba da yardarsu ba. Hoton kaya ya isa. Abin da aka gani a gidan mutane kuma a bar shi a can. Dillaliya mai gulma ba ta daɗewa ana buɗe mata ƙofa.

7. A ware wa aikin lokaci, kamar bayan an gama aikin safe, ko tsakanin azahar da la'asar. Kada waya ta ɗauke hankalin uwa daga tukunya da jariri.

Iyaye mata, neman na kai ba abin kunya ba ne. Nana Khadija, Allah ya ƙara mata yarda, 'yar kasuwa ce a Makka, tana ba da dukiyarta a kai fatauci Sham. Wadda ta iya karatu da rubutu da lissafi ta riga ta sami kayan aikin wannan sana'a. Saura gaskiya da haƙuri.

Tambayoyin tattaunawa a aji

Waɗanne masu sana'a ne a garin nan suke bukatar a sanar da kayansu? Mene ne bambancin kuɗin sanarwa da la'ada? Idan mace ta sami naira 4,000 ta kashe naira 900, nawa ne ribarta? Kowace ɗaliba ta rubuta talla guda mai layi uku, ta kawo wa malama a zama na gaba.

Allah ya sa albarka a nema, ya raya zuri'a, amin.