Rubutun Bayan Buhu Ba Ya Canza Abin Da Ke Ciki



An ɗora mini aikin rubuta manhajar rajistar ƙungiyarmu da harshen Java, wanda kamfanin Sun ya fitar a 1995. Yau zan gaya muku inda na yi tuntuɓe.

A Java akwai ma'aji mai suna Map. Kamar sito yake: kowane buhu da alamarsa. Na sa sunan gari ya zama alama, wato Talata Mafara, Bakura da Maradun, jerin sunayen membobi kuma ya zama buhu. Amma ban faɗa wa ma'ajin irin kayan da zai riƙe ba, don haka duk abin da na ɗauko sai ya fito a matsayin Object, wato "wani abu" kurum. Dole na riƙa tilasta masa suna da kaina, ina cewa wannan jerin sunaye ne. Wannan shi ake kira kastin.

Kastin daidai yake da mutum ya rubuta "shinkafar Bakolori" a bayan buhu bai kwance bakinsa ba. Java takan duba cewa buhu ne, amma ba ta leƙa ciki. Ta yi mini gargaɗi, na yi kunnen ƙashi. Ashe shekarar kammalawar wani ta shiga cikin sunayen Bakura a matsayin lamba. Ranar buga takardun gayyata manhaja ta cije, saura kaɗan 'yan Bakura su rasa wannan taro.

Maganin yana nan tun 2004, lokacin da Java 5 ta zo da janerik. Tun farko sai ka rubuta Map<String, List<String>>, ma'ana alama rubutu ce, buhu kuma jerin rubutu ne. Daga nan ko ka nemi cusa lamba, za a tare ka kafin manhaja ta fara aiki. A kuma tuna: in garin da aka nema babu shi, null ake samu, sai a duba kafin a yi amfani.

Malamanmu sun sha gaya mana a rubuta ma'aunin kowace amsa, mita ce ko kilo. Ashe darasin ɗaya ne. Ƙannenmu da ke karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, kada ku raina gargaɗi.

Allah Ya bar zumunci. Wassalamu alaikum.