Direban da Dangi Suka Yafe wa, Kotu Fa?



Mu da muka fito daga ƙasar Gaya da Ajingi ba sai an ba mu labarin hanyar Wudil ba, balle ran Juma'a, ranar kasuwa, sa'ad da motoci kan ɗauko mutane da dabbobi har bisa rufi. Mun kuma san abin da kan biyo bayan haɗari. Dangin direba su zo ta'aziyya da manyan tasha, masu mamaci su ce, "Kwana ne ya ƙare, mun yafe." Kafin sadakar arba'in, sai ga direban ya koma kan sitiyari.

Yafewa halin kirki ce, ba mu zo kushe ta ba. Amma dangi haƙƙinsu kaɗai suka yafe. Yarinya mai tallar gyaɗa a bakin titi da manomi mai tsallakawa da jakinsa ba wanda ya shawarce su, alhali kuwa su ne za su gamu da wannan direba gobe. Kotu ce wakiliyarsu.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar manyan hanyoyin Tarayya ta 1971 ta yanka ɗaurin shekara 7 ga wanda ya yi kisa da tuƙin ganganci, kotu kuma tana da ikon hana mai laifi riƙe lasin. To, sai dai akwai wata kafa. In aka ɗaure mutum shekara ɗaya, aka hana shi tuƙi shekara ɗaya, hanin ya ƙare ke nan yana gidan yari, inda ko keke ba ya hawa. A Ingila an toshe wannan kafa tun 2015, watau alƙali kan ƙara tsawon hanin gwargwadon zaman kurkukun. Daga 2022 kuma wanda ya yi kisa da mugun tuƙi ba a hana shi ƙasa da shekara 5, kana sai ya sake cin jarrabawa mai tsanani. Irin wannan iko muke so kotunanmu su riƙe, su kuma yi aiki da shi.

Za a ce mana direba yana da iyali, mota ce gonarsa. Gaskiya ne, da yawanmu da kuɗin mota aka biya mana makaranta. Saboda haka kada a ƙara wa kowa hani sai an ji ta bakinsa, an rubuta dalili, an bar masa ƙofar ɗaukaka ƙara.

Abin da ya fi damunmu shi ne wanda bai taɓa mallakar lasin ba, ga su nan birjik a ƙauyukanmu. Me za a karɓe masa? Lalle ne hanin ya hau kan mutumin, ba kan takarda ba. Magatakardan kotu ya aika da sunansa ga Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, da KAROTA, da shugaban tashar da yake lodi. Waɗansunmu a nan, ba da daɗewa ba, su ne za su zauna a kan waɗannan tebura.