Fito a Kogin Jama'are: Hadari, Ambaliya da Ikon Dakatar da Jirgi

Fito, kamar yadda mazauna bakin kogi suka san shi, shi ne sana'ar ƙetarar da mutane da dabbobi da kaya daga wannan gaɓa zuwa waccan a cikin kwale-kwale bisa wani lada sananne, kuma wurin da ake hawa da sauka shi ake kira mashigi. A ƙasashen Jama'are da Katagum wannan sana'a ta girmi kwalta da gada, kuma har gobe ita ce hanyar da ƙauyuka masu yawa ke kaiwa ga kasuwa da gona da asibiti da zarar damina ta kankama. Abin da wannan lacca ke son kafawa a gaban malamai da shugabannin al'umma shi ne cewa iska da cikar kogi kan zama sanadin kifewar jirgi ne kawai idan an riga an yi sakaci tun a bakin gaɓa, saboda haka babban maganin hatsarin fito yana hannun wanda ke da ikon cewa a dakata, da kuma al'ummar da za ta mara wa wannan magana baya.

Halin kogin

Kogin Jama'are, wanda ake kira Bunga a sashensa na sama, yana tasowa ne daga tsaunukan Jos, ya gangaro arewa maso gabas ya ratsa ta gefen garin Jama'are, ya bi ta ƙasar Itas da Gadau, ya wuce tsohon garin Katagum a ƙaramar hukumar Zaki, kafin ruwansa ya haɗu da na kogin Haɗeja su zama Komadugu Yobe mai zubawa a tafkin Chadi. A bakin wannan kogi Malam Ibrahim Zaki ya kafa Katagum a farkon ƙarni na 19, kuma nan ce hedikwatar masarautar Katagum har zuwa lokacin da aka mayar da ita Azare a zamanin Turawa. Ita ma masarautar Jama'are, wadda Muhammadu Wabi ya assasa a 1811, rayuwarta ta jingina ne da fadamar wannan kogi.

Akwai wani hali na kogin da ya wajaba duk mai nazarin fito ya riƙe. Kogin Haɗeja yana da manyan madatsai biyu a kan rassansa, wato Tiga da aka gama a 1974 da Challawa da aka gama a 1992, waɗanda ke tare ruwa su sake shi bisa ƙima, alhali kogin Jama'are ba shi da irin wannan linzami, domin madatsar Kafin Zaki da aka daɗe ana shirin yi a kansa ba a kammala ta ba. Ma'anar wannan ita ce ruwan da ya sauka a tsaunukan Jos, inda ake samun kimanin milimita 1,400 a shekara, yana gangarowa kai tsaye, ta yadda mai fito a Jama'are zai iya wayar gari sararin sama garau babu ko ɗigon gajimare, amma ya tarar kogi ya cika ya batse da ruwan da aka yi a wata ƙasa mai nisa. Da rani kuwa kogin kan janye ya bar rairayi, har a taka da ƙafa a wurare da yawa, kuma wannan sauyi tsakanin rairayi da teku shi ke sa baƙo, har ma da ɗan gari mai gajeren tunani, ya raina ruwan.

Fuskokin yanayi uku

Yanayin da ke wahalar da masu fito a wannan yanki ya kasu kashi uku. Na farko shi ne hadarin farkon damina da na ƙarshenta, wanda yawanci ke haɗowa daga gabas, galibi da yamma ko da dare, kuma kafin ruwa ya sauko sai iska mai ƙarfi da ƙura ta riga shi isowa. Masana yanayi suna kiran wannan jerin hadari, domin gajimare ne masu tsawa da ke jeruwa a layi ɗaya mai tsawon ɗaruruwan kilomita suna tafiya yamma, kuma haɗarinsa ga kwale-kwale yana cikin mintunan farko, lokacin da iska ke tayar da igiyar ruwa a fili mai faɗi tana buga jirgi ta gefe.

Na biyu shi ne marka, wato ruwan Agusta zuwa farkon Satumba mai sauka ba ƙaƙƙautawa, wanda ke cika kogi ya malala cikin fadamu. A wannan lokaci mashigin da aka sani yakan ɓace, faɗin ruwan ya ninka sau da yawa, kututturan itatuwa da shingayen gonaki da tudun rairayi su nutse inda ido ba ya ganinsu, ga kuma itace da ciyawa da ruwa ke kwasowa daga sama. Shekarar 2022, wadda ambaliyarta ta kashe fiye da mutum 600 a faɗin Nijeriya, ta yanke garuruwa da dama a Zaki da Gamawa daga sauran yankuna, har kwale-kwale ya zama shi ne motar kowa, kuma a watan Agustan 2024 ruwa ya cinye wani sashe na babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a yankin Katagum. Duk lokacin da hanya ta yanke haka, jama'ar da ba su saba da ruwa ba kan yi dafifi a mashigi, masu fito na gaske su yi kaɗan, sai duk mai tsohon jirgin kamun kifi ya koma ɗaukar fasinja.

Na uku shi ne hazo da sanyin hunturu, wanda ke rage gani da sassafe a sauran gurabun ruwa masu zurfi, kuma wanda ya faɗa ruwa a irin wannan lokaci sanyi kan kashe masa jiki da wuri ko da ya iya iyo.

Yadda jirgi ke kifewa

Amincin kwale-kwale ya rataya ne a kan tazarar da ke tsakanin bakinsa da fuskar ruwa, domin ita ce ke hana igiya shigowa ciki, kuma kowane mutum ko buhu da aka ƙara yana cin wani abu daga wannan tazara. Wanda ya tsaya a mashigi ranar kasuwa da la'asar sakaliya zai ga yadda ake cinye ta sannu a hankali: an shimfiɗa buhunan shinkafa a ciki, an kwantar da babura biyu a kansu, mata masu goyo sun zauna a gefe da ƙullin cefane, an jawo akuyoyi an cusa a tsakanin ƙafafu, wani yaro yana kwalfe ruwa da ƙoƙo tun kafin a tashi, sannan ga mutum uku sun iso a guje suna roƙon a taimaka musu domin magariba ta gabato. Idan mai fito ya sa sanda ya tura jirgin, abin da ya rage tsakanin ruwa da bakin katako bai wuce faɗin tafin hannu ba, kuma a gabas sama ta fara yin baƙi.

Abin da ke biyo baya sananne ne ga masana ƙirar jiragen ruwa. Kaya masu nauyi da aka ɗora a sama suna ɗaga cibiyar nauyin jirgi, wato wurin da nauyinsa duka ke taruwa, kuma gwargwadon tashinta gwargwadon sauƙin karkatarsa. Da zarar igiya ta watso ruwa ciki, ruwan kan kwarara zuwa gefen da ya sunkuya ya ƙara danne shi, fasinjoji kuma su firgita su miƙe tsaye ko su ruga ɗaya gefen gaba ɗaya, daga nan sai jirgi ya juya. Wanda ruwa ya ci, in ji Hausawa, ko takobi aka miƙa masa zai kama, shi ya sa wanda ya iya iyo ma sau da yawa yakan halaka a hannun waɗanda suka riƙe shi.

Tarihin hatsarurruka ya tabbatar da wannan bayani. A watan Nuwamban 2020 mutum 18, akasarinsu yara mata daga ƙauyen Zango Majiya a ƙaramar hukumar Itas/Gadau, sun rasu lokacin da kwale-kwalen da ya ɗauko su ya kife, kuma wannan ya faru ne bayan damina ta wuce. A ranar 30 ga Nuwamban 2021 aƙalla mutum 29, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi, sun rasu a ruwan Bagwai a jihar Kano, hukumomi kuma suka danganta abin da lodi fiye da ƙima. A ƙasar Senegal, jirgin Joola ya kife cikin hadari da dare a gaɓar Gambiya ranar 26 ga Satumban 2002, aka rasa mutum 1,863 a jirgin da aka ƙera don fasinja 536. Hadari ya taso a daren, amma jirgin ya haɗu da shi ne ɗauke da fiye da ninki uku na abin da aka yi shi dominsa.

Wane ne zai ce a dakata

Tsofaffin masu fito suna da ilimi mai zurfi na karanta ruwa da sama, suna gane zuwan sabon ruwa daga jajayen launinsa da kumfa da tarkacen da ke bisa kansa, suna gane kusantowar hadari daga tsayawar iska da sanyin da ke biyo bayanta, kuma sun san cewa ba a yanka kogi mai gudu a miƙe, sai an hauro sama tukuna a bar ruwa ya sauko da jirgi daidai mashigin ƙetare. Matsalar ita ce mai wannan ilimi shi ne mafi rauni a bakin gaɓa. Abincin gidansa na ranar yana cikin ladan fito, watannin cikar kogi su ne kakarsa, in ya ƙi ɗauka wani zai ɗauka, kuma da wuya talaka ya dubi dattijo ko mai mulki ko mai ɗauke da mara lafiya ya ce masa jirgi ya cika. Barin wannan hukunci a wuyan mutum ɗaya mabuƙaci zalunci ne gare shi da kuma ga waɗanda ya ɗauka.

Ƙasashen da suka rage mutuwa a ruwa sun yi haka ne ta hanyar mayar da hukuncin ƙa'ida wadda ba ta jin roƙo. A Ingila, gwagwarmayar ɗan majalisa Samuel Plimsoll ta kai ga dokar 1876 da ta wajabta zana layin lodi a jikin jirgi, wato alamar da idan ruwa ya rufe ta an san kaya sun wuce iyaka. A Nijeriya, Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lakwaja, tana da ƙa'idojin da suka hana tafiyar dare da lodi fiye da ƙima, suka kuma wajabta sanya rigar kariya mai hana nutsewa. Sai dai mashigan kogin Jama'are suna da yawa kuma a warwatse suke, ma'aikacin tarayya ba zai tsaya a kowannensu ba, alhali Sarkin Ruwa da mai unguwa da dagaci suna nan dare da rana, kuma jama'a na jin maganarsu.

Saboda haka tsarin da ya dace da wannan ƙasa shi ne wanda masarautun Jama'are da Katagum da ƙananan hukumomi za su gina a kan sarautun ruwa na gargajiya. Kowane mashigi ya sami shugaba sananne mai ikon rufe shi idan hadari ya haɗo ko rana ta faɗi, kowane jirgi a shafa masa layin fenti a gefe a rubuta yawan mutanen da yake ɗauka, a kuma kafa sanda mai alamomi a bakin ruwa wadda kowa zai gani ya san matakin da in kogi ya kai ba a fito. Tun da ruwan daga sama yake zuwa, wayar salula ta isa ta haɗa masu fito na garuruwan sama da na ƙasa, su riƙa sanar da juna tashin kogi kafin ya iso, a haɗa wannan da hasashen hukumar yanayi ta NiMet da na hukumar NIHSA mai fitar da hasashen ambaliya kowace shekara, a riƙa karanta su da Hausa da Fulfulde a rediyo. Rigunan kariya su zama kayan mashigi da ake ajiyewa a hannun shugabansa, har da ƙanana na yara, domin yara da mata su ne suka fi yawa cikin waɗanda ake binnewa.

Wajibi ne kuma a dubi wanda dakatarwa ke cutarwa. Fasinjan da aka hana ƙetarewa yana buƙatar rumfa mai tsaro inda zai fake ko ya kwana, mai fiton da ya ajiye sandarsa saboda hadari yana buƙatar ƙungiya mai asusu da layin ɗauka, ta yadda jiransa ba zai zama ribar wanda ya karya doka ba, mai naƙuda da mara lafiya kuwa suna buƙatar jirgi mai inji da ƙaramar hukuma ta keɓe don gaggawa. Malamai da limamai su ma suna da babban rabo, domin kalmar ƙaddara da ake faɗa bayan kowane rashi gaskiya ce, amma shari'a ta ɗora wa mutum riƙon sababi kafin tawakkali, ta kuma sanya kare rai cikin manyan manufofinta, kuma wanda ya karɓi lada ya ɗauki rayuka ya karɓi amana.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Watannin rani, lokacin da kogin Jama'are ya kwanta ya bar rairayi kuma jirage ke kife a kan gaɓa, su ne lokacin toshe ɓaraka da shafa layin lodi da ƙidaya jirage da koya wa yaran makaranta iyo da naɗa shugabannin mashigai. Idan aka yi wannan aiki kafin ruwan farko ya sauka, to ranar da sama ta yi baƙi a gabas kuma jama'a suka taru suna roƙo, mai fito zai iya nuna layin da ke jikin jirginsa da sandar da ke bakin ruwa ya ce a jira, ya kuma san cewa sarki da malami da hukuma suna bayansa.