Ƙuruna ya yi mini kaɗan: in riƙe shi ko in sayar?

 Ga shirin wannan makon a rubuce, saboda 'yan uwan da datarsu ba ta kai su sauraron murya ba.

Yau maganar doki za mu yi. Na san wani zai ce ana fama da tsadar hatsi, wa ke ta doki? Ka yi haƙuri ka biyo ni, tsadar ce ma ta jawo maganar. Tambayar ita ce: dokinka na farko, wanda ka koyi hawa a bayansa, ka girma ka fi ƙarfinsa, shi kuma bai mutu ba, bai gurgunce ba, yana nan a turke yana jiran harawa safe da yamma. Ka riƙe shi ko ka sayar?

Ni ɗan Lahodu ne, cikin ƙaramar hukumar Wurno a gabashin Sakkwato, kuma tambayar nan ta hana ni sakat kusan wata biyu a bana.

Dokin nawa ƙuru ne. Yaran birni, kar ku haɗa ƙuru da duƙushi. Duƙushi ɗan doki ne, gobe zai zama ingarma. Ƙuru kuwa ko ya shekara 20 gajere ne, haka Allah ya yi shi. Nawa bikili ne, ja mai baƙar geza da baƙar wutsiya, kuma da launin nasa muke kiran shi, Bikili. Kakana, Allah ya jiƙan shi, shi ya sayo mini shi a kasuwar Achida wata shekara da albasa ta yi kuɗi, ina ɗan shekara 9. An buɗe bakinsa an duba haƙora, aka ce shekararsa 5. Yanzu ina da 21, shi ke nan yana da 17.

In ba a yankinmu ka taso ba, da wuya ka gane nauyin doki a gida. Wurno ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, a nan ya rasu a 1837, a nan hubbarensa yake. Ribaɗi kuwa garin tsaro ne, garin mahaya. Yau daga Wurno har Rabah da Goronyo babur ya karɓe tafiya, jaki da raƙumi da amalanke sun riƙe dako, abin da ya rage wa doki sai Sallah da biki da saukar karatu. Duk da haka gidan da ke da turke kallon da ake masa daban ne. Ka sayar da tunkiya ba wanda zai ɗaga kai. Ka sayar da doki, washegari a bakin masallaci za a tambayi babanka, "Lafiya dai?"

To me ake nufi da doki ya yi wa mutum kaɗan? Masana kiwon dawaki suna cewa kada abin da doki zai ɗauka, mahayi da sirdi gaba ɗaya, ya wuce kashi 1 cikin 5 na nauyin jikinsa. A ƙaddara Bikili kilo 250 ne, kilo 50 ke nan. Sirdinmu na gargajiya kuma ba wasa ba, katako ne da fata, ga likkafar ƙarfe. Ni kaɗai yanzu kilo 68 nake. Kakana bai san kilo ba, amma ranar da ya ga ƙafafuna sun sauko sun wuce cikin dokin, cewa ya yi, "Sauka, aboki, dokin ga ba shi ɗaukar ka kuma." Ina da shekara 15 a lokacin. Tun daga ranar ba mai hawan shi sai yaran unguwa ranar Sallah. Ƙanena ma ya fi ƙarfinsa, kuma shi dai hankalinsa na kan babur.

Amma ci bai tsaya ba. Doki na cin busasshen abinci kusan kashi 2 cikin 100 na nauyinsa kullum, wato Bikili na son kamar kilo 5: harawa, dusa, ɗan gero ko dawa, ga kanwa. Ruwa kuwa, in bazara ta yi bazara, jarka ɗaya mai lita 25 ba lallai ta kai shi dare ba. Da kaka harawa na da sauƙi, amma bari rani ya yi nisa, masu kiwon ragunan layya su shigo kasuwa, ka ji kuɗin dami. Kuma doki in ya samu kulawa yana kai shekara 25 zuwa 30. Ma'ana, mai yiwuwa saura shekara 10 ana ciyar da shi.

Wallahi da kuɗin ne kaɗai, da na daure. Abin da ya fi damuna ciyawa ce. Ni ina karatu a Sakkwato, sai hutu nake zuwa gida. Wanda ke yankar ciyawa shi ne ƙanena, ɗan shekara 14. Kusa da gari ba sauran fili, fadama ta zama shinkafa da albasa da tafarnuwa, dole sai an yi nisa. Kuma kowa ya san halin da gabashin Sakkwato ke ciki. Ana kore shanu, ana ɗaukar mutane a gona. Ba mu manta harin kasuwar Goronyo na watan Oktoban 2021 ba. Duk ranar da yaron nan ya ɗauki lauje ya fita, Inna ba ta zama, tana bakin zaure har sai ta hango shi da dami a ka. Ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana, ba ta kuma cika doguwar magana da ni ba. Hutun da ya wuce tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Doki naka na, amma ɗana ka shiga daji."

Ban sami abin cewa ba. Ina can ɗakin kwanan ɗalibai ina nuna wa abokai hoton Bikili a waya, ina cewa amanar kakana ce ba zan rabu da ita ba, alhali wani ke biyan kuɗin amanar da ƙafafunsa.

Shi kansa dokin fa? Doki dabbar tafiya ce. Ka ɗaure shi wuri ɗaya kullum, ƙafa ta kumbura, ciki ya riƙa ɗaurewa, hali ya ɓaci. Bikili na fita ne kawai in an ja shi shan iska da yamma. Da ka zo kwance ragama zai fara haniniya yana tono ƙasa da kofato, kamar yaron da aka ce wa za a kasuwa. Mu muna kiran wannan riƙo ƙauna. Ban tabbata shi haka yake ganin abin ba.

Wani abokina ya ce in riƙa ba da shi haya, ya ciyar da kansa. Sallah biyu ce a shekara, sai ɗan biki nan da can, ba za su sayi harawar rani ba. Ban da haka, wanda ya biya kuɗin haya so yake ya fanshe kuɗinsa, bulala da sukuwa har kan kwalta. Linzaminmu kuma mai kaifi ne, hannun da bai iya ba a yini ɗaya zai fasa wa doki baki. Wannan ko tunaninta ban tsaya yi ba.

Saura sayarwa. Baba ya aika aka kira dillali har gida. Ya zagaya dokin, ya buɗe baki, ya ɗaga ƙafa, ya faɗi kuɗi. Gaskiya kuɗin sun fi yadda na zata. Na ce masa, "Wa zai saya, ina za a kai shi?" Ya yi dariya ya ce, "Samari, in ka sai da kaya, ina ruwanka da inda sunka kwana?"

A nan nake son masu doki su buɗe kunne. Doki mai shekara 17, gajere, ba na hawan daba ba ne, ba na sukuwa ba, ba na folo ba. In ka ga an taya shi da tsada ba tare da an tambayi halinsa ba, ko yana cizo, ko yana harbi, ko yaro na iya hawa, to akwai alamar ba hawa za a yi ba, nauyinsa ake dubawa. Ana loda dawaki da jakuna a manyan motoci daga Arewa zuwa Kudu. Garin Obollo-Afor a jihar Enugu ya yi suna da kasuwar dawaki, kuma a can ana yanka su don nama da bukukuwa. Al'adarsu ce da kasuwancinsu, ba zagi nake ba. Amma daga Sakkwato tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, a tsaye, a cunkushe, cikin rana. Ban ce lallai can dillalin nan zai kai shi ba. Cewa na yi na tambaya bai amsa ba.

Kada kuma wani ya ga laifin Baba. Noman rani na tafe, taki ya yi tsada, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 injin ban-ruwa ya zama kamar wani mai cin tuwo a gidan. Da dare ya kira ni ya ce, "Kai kana ganin doki, ni taki nika gani da man inji. Kuma kak ka manta, wanda yas saye shi ubana na." Sai a lokacin na lura shi ma bai leƙa wajen turken ba tun da dillali ya tafi. Na ce, "Baba, ku ba ni mako biyu."

Kawuna ya san masu dawaki a Wurno, shi ya baza maganar. Kwana 9 aka samu wani bawan Allah mai barga da dawaki biyu, yana neman ƙuru mai sanyin hali saboda ɗansa ɗan shekara 7. Na ce kafin ya zo ganin nawa, ni zan je ganin nasa. Ban kalli ginin gidansa ba. Haƙarƙarin dawakin na duba, ko ana ƙirga su daga nesa. Na duba bayansu ko akwai gyambon sirdi, na duba gefen baki, na duba kofato ko ana gyarawa, na leƙa kwanon ruwa. Sannan na tsaya ina jiran ya ɗaga hannu kusa da fuskar ɗayansu. Dokin da ake duka ba ya ɓoyewa, kauce kai zai yi. Nasa miƙo hanci suka yi. Harawarsa kuma a kan rumfa take, ta gonarsa, an ɗaure tun kaka, ba yaron da ake turawa daji.

Kuɗin da ya taya sun gaza na dillali da kusan kashi 1 cikin 4. Baba ya yi shiru mai tsawo. Na ce zan cike giɓin da jikina, bana duk hutu ni zan riƙe ban-ruwa, ba sai an ɗauki ɗan ƙwadago ba. Ya ce, "Allah shi sa albarka," aka sallama.

Na so a sa sharaɗi cewa ba zai sayar wa kowa ba sai mu. Kawu ya ce a'a, wanda ya sayi abu nasa ne, kada a ɗaure ciniki da sharaɗi, a bar shi alkawari tsakanin mutum da mutum. Haka aka yi a gaban shaidu biyu: in zai rabu da shi, mu zai fara gaya wa. Alkawari ne kawai, na sani, ba takardar kotu ba.

Ni da ƙanena muka ja shi a ƙasa har Wurno, da ɗan sirdin da komai. Ragamar ce kawai muka dawo da ita, don a gidanmu ba a sayar da dabba da igiyarta. Ƙanen nawa da ke cewa doki ya ishe shi, shi ne bai yi magana ba har muka iso gida.

Kuma maganar ba ta ƙare ba fa. Nan da shekara 6 ko 7 yaron can shi ma ƙafafunsa za su wuce cikin dokin. Lokacin Bikili na da 23 ko 24, ba mai neman shi don hawa, sai irin dillalin nan. Na gaya wa mutumin ina fatan kafin ranar ina da abin hannuna da zan sayi harawa ba tare da an tura kowa daji ba. Ya ce Allah ya kai mu.

Wanda ya taɓa shiga irin wannan, ko doki ne ko jaki ko raƙumi, ya rubuto mana a ƙasa yadda ya yi, musamman mutanen Rabah da Goronyo. Sai mako mai zuwa in Allah ya yarda. Wassalamu alaikum.