Awowin da Zafi Ke Ƙwace wa Macen Ƙadangare



Kowa a zauren nan ya san jan gwada, yadda yake baje ciki a kan katanga da hantsi yana gyaɗa kai. Ba zaman banza yake yi ba. Jikin ƙadangare ba ya ɗumama kansa kamar namu, daga rana yake samun ɗumi. Idan ya ɗumama sai ya bi ƙwari, rana ta take kuma ya shige tsagar bango. Da wannan kai-komo yake riƙe jikinsa a digiri 30 da wani abu.

Mace mai ciki kuwa lissafinta daban ne, don ba ta kanta kaɗai take yi ba. A duwatsun Arizona da arewacin Meziko akwai wani ƙadangare, Sceloporus jarrovii, wanda ba ya saka ƙwai, haihuwa yake yi. Masu bincike sun auna sun ga cewa mai ciki takan tsaya wajen digiri 32, ƙasa da abin da take zaɓa in ba ta da ciki, domin 'ya'yan ba sa jure zafin da uwar ke jurewa. Ga nauyi ya rage mata gudu, ga shi ita ce ta fi kowa bukatar abinci, ga kuma ita za ta riga kowa komawa inuwa.

A nan ɗumamar yanayi ke shigowa. A 2010, Barry Sinervo na Jami'ar Kalifoniya da abokan aikinsa suka wallafa bincike a mujallar Science. Sun sake zagaya wurare 200 a Meziko inda aka san jinsuna 48 na Sceloporus, suka tarar kashi 12 cikin 100 na garkunan sun ɓace tun 1975, kuma masu haihuwa sun fi masu saka ƙwai shan kashi. Abin da nake so ku riƙe shi ne, ba rana ce ta gasa su ba. Zafin watannin Maris da Afrilu, lokacin rainon ciki, shi ya tsare su a ɓoye. A yankin Yukatan, inda zaman ɓuya ya kai wajen awa 4 a yini, garken ya ƙare. Yunwa ce ta hana haihuwa, shekara bayan shekara, har gida ya mutu.

Sun kuma yi hasashen cewa kashi 20 cikin 100 na jinsunan ƙadangaru na iya ƙarewa nan da 2080. Wasu masana sun ƙalubalanci lissafin, ni ma na fi amincewa da abin da aka ƙirga a fili.

Namu na katanga ƙwai yake sakawa, don haka matsalarsa tana cikin ƙasa. A Dakar ne, a 1966, Madeleine Charnier ta gano a kan ƙwan Agama agama, wato irin namu na katanga, cewa zafin rami ke yanke mace ko namiji: a digiri 26 zuwa 27 kusan duk mata, a 29 maza. Tazarar digiri 2 kacal! Uwa ta haƙa rami da damina, ta binne, ta yi gaba. Iyakar ikonta shi ne zaɓen wurin.

Zaɓi kuwa sai da inuwa. A 2016 Michael Sears da abokansa suka kafa shingaye a Niyu Meziko, suka ba ƙadangaru inuwa daidai wa daida, amma a wani shingen dunƙule wuri guda, a wani kuma a warwatse ƙanana-ƙanana. Waɗanda ke da ta warwatse sun fi iya daidaita zafin jikinsu, don taku kaɗan ke raba rana da sanyi. Ke nan wanda ya share sabara da tarin duwatsu daga fili ya bar bishiya ɗaya tilo, ya ƙwace wa mai ciki awowin kiwonta ko da ma'aunin zafi bai motsa ba.